Babi na Bakwai: Shirya Gajeren Wasan Barkwanci Domin Ƙananan Bukukuwan Wasan Kwaikwayo

7.0 Gabatarwa

Mafi yawan ɗaliban Hausa a kwalejojin ilimi a takarda suke fara sanin wasan kwaikwayo. Sukan nazarci jigo da zubi da tsari da salon littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949) da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi (1960) da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979), su rubuta jarrabawa a kansu, su wuce. Wannan nazari yana da muhimmanci, sai dai rabin aiki ne, domin ana rubuta wasa ne don a aiwatar da shi a gaban jama'a. Ɗalibin da ya kammala karatunsa ya kama aikin koyarwa, ba zai daɗe ba shugaban makaranta zai ɗora masa nauyin fitar da yara wasa ranar rabon kyaututtuka ko wajen wata gasa. A nan ne za a gane ko ya san wasa ko sunayen littattafai kawai ya haddace.

Wannan babi zai yi bayanin matakan da ake bi a ɗauki gajeren wasan barkwanci daga takarda zuwa dandamalin ƙaramin biki. Babban abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, irin wannan wasa da tsimi yake cin nasara: ƙulli ɗaya, wuri ɗaya, 'yan wasa kaɗan, da dariyar da ba ta bar kowa da miki a zuciya ba.

7.1 Ma'anar Gajeren Wasan Barkwanci

Gajeren wasan barkwanci wasa ne mai kashi ɗaya, wanda ake aiwatarwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, galibi daga minti 10 zuwa 20, da nufin sa 'yan kallo dariya ta hanyar fito da wani aibi ko wauta ko saɓanin fahimta da ke aukuwa a rayuwar yau da kullum. Ya bambanta da cikakken wasa ta fuskar tsawo da yawan fitowa da yawan 'yan wasa. Ya kuma bambanta da ban dariyar mutum ɗaya, wato wanda zai riƙe makirfo ya yi ta jero labarai, domin shi wasa dole ya kasance yana da labari guda mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma 'yan wasa ne ke aikata labarin a idon jama'a.

7.2 Tushensa a Al'adar Hausawa

Hausawa sun daɗe da sanin gajeren wasa mai ban dariya tun kafin zuwan boko. Tashen da yara da samari ke yi daga goma ga watan azumi cike yake da irinsa. Wasanni kamar Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu duk gajeru ne, kayan aikinsu ba su wuce tsumma da auduga da gawayi da sanda ba, kuma kowannensu aibi ɗaya yake nunawa ko darasi ɗaya yake koyarwa. Haka abin yake a wasan gauta da kalankuwa, inda ake kwaikwayon sarakuna da hakimai da alƙalai, da kuma sana'ar 'yankama da 'yan gambara a kasuwanni.

Rubutaccen wasa ya fara ne da Six Hausa Plays na R. M. East cikin shekarun 1930, kuma tun daga lokacin makarantu suka zama babbar matattarar wasan dandamali. Daga baya rediyo da talabijin suka fito da gwanaye irin su Usman Baba Pategi (Samanja), wanda ya rasu a 2023, da Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. A Jamhuriyar Nijar kuwa, a zamanin mulkin Seyni Kountche (1974 zuwa 1987), ƙungiyoyin samariya sun riƙa fafatawa a gasar wasan kwaikwayo tun daga matakin gari har zuwa bikin matasa na ƙasa, kuma ƙungiyar su Yazi Dogo ta Damagaram ta yi suna ƙwarai da wasannin Hausa masu ban dariya da gyaran hali. Ke nan, malamin da zai shirya irin wannan wasa yana da gadon da zai dogara a kai.

7.3 Ƙananan Bukukuwa da Yanayinsu

Abin da ake nufi da ƙaramin biki a nan shi ne taron da ake gabatar da wasanni da dama ɗaya bayan ɗaya, a rana ɗaya ko cikin 'yan kwanaki, ba tare da kuɗi mai yawa ko kayan aiki na zamani ba. Misalansa sun haɗa da:

(a) Makon Hausa da ƙungiyoyin ɗaliban Hausa ke shiryawa a kwalejoji da jami'o'i.
(b) Gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun sakandare ko tsakanin gidajen ɗalibai na makaranta ɗaya.
(c) Tarukan Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi ranar 26 ga Agusta tun daga 2015.
(d) Bukukuwan da hukumomin raya al'adu na jihohi ke shiryawa, waɗanda a wasu lokuta daga cikinsu ake zaɓar wakilan jiha zuwa bikin fasaha da al'adu na ƙasa (NAFEST).

Waɗannan bukukuwa suna da kamanci ta fuskoki uku. Na farko, lokaci a ƙayyade yake, domin akwai wasu ƙungiyoyi da ke jiran nasu layin. Na biyu, dandamalin na kowa da kowa ne, ba za a bar wata ƙungiya ta kafa ɗaki ko ta rataya labulenta na musamman ba. Sau da yawa ma dandamalin bai wuce gaban babban ɗakin taro ko fili a tsakar makaranta ba. Na uku, 'yan kallo a gauraye suke: malamai da iyaye da sarakuna da yara ƙanana, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba. Duk shawarar da mai shirya wasa zai yanke, daga zaɓen labari har zuwa ɗinkin sutura, sai ta yi la'akari da waɗannan abubuwa uku.

7.4 Gina Wasan

Kuskuren da ya fi yawa a wasannin ɗalibai shi ne cusa labarin fim cikin minti goma sha biyar. Sai a ga an fara da neman aure, an bi ta gidan boka, an je kotu, an ƙare a asibiti, kowace fitowa sai an kwashe kujeru an kawo wasu. Kafin a kai tsakiya 'yan kallo sun gaji, lokaci kuma ya ƙure. Gajeren wasa ƙulli ɗaya yake buƙata, wato matsala guda wadda za a iya faɗa cikin jimla ɗaya. In marubuci ya kasa faɗin labarinsa cikin jimla ɗaya, to wasan bai nuna ba tukuna.

Ga misalin wasan da aka tsara domin wannan darasi. Malam Tanko ya ci bashin Tela, ya laɓe bayan asabari a zaure, ya gargaɗi ɗansa Ɗanliti cewa duk wanda ya zo a ce ya yi tafiya, in kuwa ya kuskura ya tona, zai sha bulala. Tela ya zo, ya ce ba inda za shi, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Ana haka sai ga wani baƙo da kuɗin Tanko.

BAƘO: Yaro, maigidan yana ciki?
ƊANLITI: Ya yi tafiya, Baba.
BAƘO: Ash! Ga shi kuwa Alhaji ya aiko ni da kuɗin gyaɗarsa, ya ce hannu da hannu.
(Tanko ya yi gyaran murya daga bayan asabari.)
TELA: Kai, wane ne wannan?
ƊANLITI: Bunsurunmu ne, mura yake yi.
BAƘO: To, yaushe zai dawo?
ƊANLITI: Ya ce sai bayan salla.
TELA: Ƙarama ko babba?
ƊANLITI: Duka biyun.
(Tanko ya ƙara tari da ƙarfi.)
TELA: Wannan bunsuru, da nawa ne, da na sa masa wuƙa tun bai zama mushe ba.

Idan aka duba wannan misali za a ga abubuwa huɗu. 'Yan wasa huɗu ne kacal, wurin kuma ɗaya ne, kayan wasa ba su wuce asabari da tabarma da jakar baƙo ba. Sa'an nan 'yan kallo sun san abin da Tela da Baƙo ba su sani ba, wato suna ganin Tanko a maɓoyarsa, kuma wannan sani shi ne babbar mahaifar dariya a dandamali. Haka kuma, babu wanda ya fito don ya ba da dariya. Kowa da gaske yake: Tela kuɗinsa yake so, yaro bulala yake tsoro, Tanko kuwa tarkon da ya ɗana ne ya kama shi. Daga ƙarshe, matsalar tana ƙara tsanani daki-daki, daga gyaran murya zuwa tari, har Baƙo ya miƙe zai tafi, Tanko ya faɗo waje yana cewa yanzun nan ya sauka daga mota. Kuɗin na shiga hannunsa Tela ya karɓe, yaron kuma ya rufe wasan da tambayar ko yanzu ya halatta ya ce Baba ya dawo.

A lura cewa ba a sa wani dattijo ya fito a ƙarshe ya yi wa jama'a wa'azi a kan illar bashi da koya wa yara ƙarya ba. Wasan ya riga ya faɗi haka da kansa. Da zarar ƙulli ya warware, sai a rufe.

7.5 Harshe a Matsayin Makamin Ban Dariya

Hausa tana da hanyoyi masu yawa na jawo dariya, kuma ɗalibin harshe ya fi kowa cancantar ya yi amfani da su bisa sani.

(a) Karin sauti da tsawon wasali. Akwai kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu da ma'anarsu daban, kamar gari (na zama) da gari (na tuwo), wuya (na jiki) da wuya (wahala), kuka (na hawaye) da kuka (ta miya). Bahaushe ba ya rikita su a magana, domin kunnensa na bambance su. Saboda haka ruɗanin yakan karɓu ne idan saƙon a rubuce ya zo, tun da ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Misali, matafiyi ya aiko da saƙon waya cewa a tarye shi da kuka, yana nufin miya, ya iso ya tarar da gida cike da masu koke-koke.

(b) Rukunin magana. Kowane rukuni na jama'a yana da irin Hausarsa: ta fada, ta malamai, ta 'yan tasha, ta 'yan boko. Dariya takan zo idan aka sa wata a muhallin wata, kamar ɗan kamasho ya tsinci kansa a gaban hakimi. Wasan Samanja ya ginu ne a kan Hausar barikin soja.

(c) Adon magana. Gatse da habaici da baƙar magana da kambamawa da karin maganar da aka faɗa a inda ba ta dace ba, duk kayan aiki ne. Maganar Tela a kan bunsuru habaici ce, domin tana nuna ya fara gane wanda ke tarin.

(d) Maimaitawa. Kalma ko motsin da aka maimaita sau uku, na ukun ya zo da sauyi, yakan fi tasiri a kan wanda aka yi sau ɗaya ko aka yi ta yi ba iyaka.

7.6 Iyakar Barkwanci

Wannan ne wurin da wasannin ɗalibai suka fi tuntuɓe. A al'adar Hausawa barkwanci yana da ƙa'ida. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da tsakanin Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Abin da ya sa irin wannan wasa ba ya zama faɗa shi ne, ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kuma kowa yana da damar ramawa. A dandamali kuwa, wanda aka yi wa ba'a yana zaune cikin 'yan kallo, ba shi da bakin mayar da martani.

Don haka wajibi ne mai shirya wasa ya tambayi kansa, wa ake yi wa dariya, kuma saboda me? Idan saboda halin da mutum zai iya sauyawa ne, kamar rowa da ƙarya da kwaɗayi da girman kai, barkwanci ya yi aikinsa na gyara. Idan kuwa saboda makanta ne ko in'ina ko ƙabila ko addini, an koma cin mutunci. Yaron da ke da in'ina a aji zai ci gaba da jin ana kwaikwayonsa makonni bayan an tashi daga biki, kuma malamin da ya shirya wasan ne ya ba da lasisin hakan. Haka nan batsa da kwaikwayon wani sanannen mutum na garin ta yadda kowa zai gane shi, suna iya jawo a dakatar da wasa ana tsakiyarsa, ko ma a hana makarantar shiga bikin gaba.

7.7 Neman Shiga Biki

Da zarar an ji sanarwar biki, matakin farko shi ne a nemi sharuɗɗansa a rubuce daga kwamitin shiryawa. Abubuwan da ya kamata a tantance sun haɗa da tsawon lokacin da aka ba kowace ƙungiya, da adadin 'yan wasan da aka yarda da shi, da jigon biki in akwai, da ranar rufe karɓar wasanni, da kuɗin rajista, da kuma ma'aunin da alƙalai za su bi wajen ba da maki. Ƙungiyar da ta kai kyakkyawan wasa na minti 25 inda aka ce 15 ita ta kayar da kanta.

Takardun da akan miƙa su ne wasiƙar neman shiga mai ɗauke da sa hannun shugaban sashe ko na makaranta, da taƙaitaccen labarin wasa wanda bai wuce rabin shafi ba, da jerin 'yan wasa da kayan da za a hau da su, da kwafin wasan kansa. A buga shi da kyau, a kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi da haɗa su, domin yawancin masu tantancewa malaman Hausa ne, kuma rubutun ne farkon abin da za su gani. Idan wasan na wani marubuci ne, ko an ciro shi daga littafi, a nemi izini, a kuma ambaci sunan mai shi a takarda da wajen gabatarwa.

7.8 Gwaji

Tsofaffin ƙungiyoyin wasa na Hausa da yawa ba sa rubuta magana kalma da kalma. Sukan yarda a kan ƙashin labari, kowa ya ƙago maganarsa a dandamali. Wannan hanya tana ba wasa armashi a hannun gwanaye, amma ga masu koyo a bikin da ke da agogo tana da haɗari, domin ɗan wasan da ya ji an yi masa dariya yakan ƙi sauka. Hanya mafi dacewa ita ce a bar 'yan wasa su ƙago magana a farkon gwaji, mai ba da umarni ya tsince masu kyau ya shigar cikin rubutu, sa'an nan a rufe ƙofar ƙari mako guda kafin biki.

Wajen gwaji a kula da waɗannan:

(a) A auna wasa da agogo kowane lokaci. In an ba da minti 15, a tsaya a 12 ko 13, domin dariyar jama'a tana cin lokaci.
(b) A koya wa 'yan wasa jiran dariya. Wanda ya ci gaba da magana jama'a na ƙyaƙyatawa ya zubar da maganarsa. Sai dariya ta fara lafawa a ɗora.
(c) Kada ɗan wasa ya yi dariya da kansa ko ya juya wa 'yan kallo baya yana magana.
(d) A saba da ɗaga murya ba tare da makirfo ba, saboda wuta na iya ɗaukewa, janareta na iya ƙin tashi.
(e) A yi gwajin ƙarshe da cikakkiyar sutura a gaban wasu da ba su taɓa ganin wasan ba. Duk inda aka sa ran dariya aka ji shiru, a gyara ko a cire.
(f) A tanadi mutum ɗaya ko biyu da suka haddace maganar manyan 'yan wasa, ko da rashin lafiya za ta gitta.

7.9 Ranar Biki da Bayanta

Ƙungiya ta isa da wuri, ta duba faɗin dandamali da mashiga da mafita, ta san lambarta a jerin masu fitowa. A ba kowane kaya mai ɗaukarsa, ta yadda shimfiɗawa da kwashewa ba za su wuce minti ɗaya ba. A misalin da ya gabata, dole a kafa asabarin a karkace, yadda 'yan kallo na kowane ɓangare za su ga Tanko, in ba haka ba rabin ɗakin ba zai san abin da ake yi wa dariya ba. Alƙalai galibi sukan duba ma'anar jigo da ingancin harshe da ƙwarewar 'yan wasa da dacewar sutura da kiyaye lokaci.

Bayan an sauka, ya kamata ƙungiya ta zauna ta kalli wasannin sauran, domin da haka ake ƙaruwa. A nemi bayanin alƙalai ko an ci ko ba a ci ba, a rubuta wuraren da aka yi dariya da waɗanda ba a yi ba, a gyara rubutun a adana shi a sashe. Wasanni masu kyau da yawa na ɗalibai sun salwanta saboda ba wanda ya ajiye kwafinsu.

7.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa gajeren wasan barkwanci yana da tushe a tashe da sauran wasannin gargajiya, kuma ƙananan bukukuwa suna ƙayyade masa lokaci da wuri da irin 'yan kallo. An nuna yadda ake gina shi a kan ƙulli ɗaya, da hanyoyin da harshe ke haifar da dariya, da iyakar da bai kamata a ƙetare ba, da matakan neman shiga biki da gwaji da aiwatarwa. Malamin da ya kiyaye waɗannan zai iya fitar da yara da asabari da tabarma kawai, su yi abin da za a yaba.

7.11 Tambayoyi da Aikin Yi

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin gajeren wasan barkwanci da cikakken wasan kwaikwayo.
2. Yi bayanin alaƙar tashe da gajeren wasan barkwanci tare da misalai biyu.
3. Me ya sa ruɗanin kalmomi masu rubutu ɗaya ya fi karɓuwa idan saƙon a rubuce yake? Kawo wasu tagwayen kalmomi uku ban da na cikin babin.
4. Tattauna bambancin wasan barkwanci na al'ada da ba'a a dandamali.
5. A rukunin mutum biyar-biyar, a rubuta wasan minti 10 mai wuri ɗaya da 'yan wasa huɗu, a haɗa da taƙaitaccen labarinsa da wasiƙar neman shiga Makon Hausa, sa'an nan a aiwatar da shi a aji.